Ban Faɗi Suna Ba

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Kwana uku ke nan Yaya ba ta ɗaga wayata ba. Sai ta yi ta ƙara har ta gaji ta katse. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ni, ita ta koya mini riƙe kibiyar kitso, yau ita ce ke ganin sunana a waya tana kife ta a kan katifa. Na san haka take yi, don na sha ganin tana yi wa wasu.

Shagon ba kowa. Tun safe kai ɗaya na kama, shi ma na yarinya ne, uwarta ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi zama sai ka ce bencina yana cizo. Idonta na kan fostar da ke jikin bango, mai zanen 'yan mata uku suna dariya da hannun riga a naɗe, an rubuta a ƙasa cewa a yi wa yara mata rigakafin HPV don a kare su daga sankarar bakin mahaifa. Ni na manna ta da hannuna wata guda da ya wuce, har da murnata.

Bari in rubuta yadda aka yi, ko zuciyata ta sauka. Asibitin unguwa ne ya haɗa kwamiti: Sista mai kula da rigakafi, shugabar makarantar 'yan mata, mai aski na bakin tasha, tela, da ni. Sai mutumin ƙungiyar da ke kawo fosta da lemo, wanda muke kira Mai Jaka, don ko banɗaki zai shiga da jakarsa yake shiga. Aka ce kowa ya wayar wa mutane kai a wurin sana'arsa kafin ranar allura a makaranta. Mai Jaka ya nuna ni ya ce ni ce zinariyar kwamiti, wai macen da aka kai wa kitso rabi ba ta tashi, dole ta saurara. Aka yi dariya, ni ma na yi. Ya ce kada mu tsaya karanto takarda, mu ba da labarin gaske, na wani da muka sani, amma ban da suna.

Ban faɗi suna ba. Ina so wannan ya zauna a rubuce.

Talata, ƙarfe goma na safe

Ga abin da na ce ranar Alhamis waccan. Mata biyar ne a shago, matar mai kanti tana zaune a gabana. Rediyo ake kiranta, ita ma ta sani, ko a jikinta. Suna ta musu, wannan ta ce allurar tana hana haihuwa, waccan ta ce ita ba ta taɓa ganin mai wannan ciwo ba, ƙirƙirarsa aka yi don a sayar da magani. Sai raina ya ɓaci. Na ce ni na gani da idona. Na ce akwai matar da na yi shekara goma sha biyar ina yi wa kitso, gashinta har tsakiyar baya, sai na raba shi gida huɗu na ɗaure kafin in iya tsaga, tana da furfura guda ɗaya tak a gaban goshi tun tana budurwa. Na ce yau kan nan ba ko sili, maganin asibiti ya kwashe shi, kuma da a zamaninta akwai allurar nan da wataƙila ba a kai nan ba. Mata uku suka karɓi takardar izinin yi wa 'ya'yansu allurar a take. Na koma gida ina jin kaina kamar wata likita.

To ina sunan a nan?

Yaya ta ce wa kowa gyambon ciki ke damunta. Wata huɗu ni ke raka ta babban asibiti, ni ke riƙe mata roba idan amai ya taso, ni na aske ragowar da hannuna ranar da ta ce ta gaji da tsintar sa a kan filo. Ni da mijinta kaɗai muka sani. Ni da na yi wannan duka ni ce yanzu ba a ɗaga wayata, Rediyo kuma tana can kanti tana auna sukari hankalinta kwance.

Laraba, da yamma

Na kira sau shida.

Alhamis, ƙarfe ɗaya na rana

Baban Auta ya zo, mijin Yaya. Direban bas ne, da kayan aikinsa ya zo, ko sallama bai yi ba. Ya jefa takardar izinin Auta a kan benci. Auta ce 'yarsu mace ɗaya tilo, shekararta goma sha ɗaya, ni na kai mata takardar har gida. Ba sa hannu a jiki.

Ya ce, "Ƙarama, kin san abin da aka ce mini a tasha yau? Wani ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri, mata sai Allah. Wani ya ce a'a, direbobi dai, kowane gari da masauki. A gabana fa!"

Na ce, "Baban Auta, zauna mana."

"Ba zama na zo yi ba. Takardarku ta ce ta hanyar kwanciya ake ɗauka. Ke kuma kin ce matata tana da shi. Me kike so mutane su haɗa?"

"Wallahi ban faɗi suna ba."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce, "Allurar kuma 'yata ba za ta yi ba. In na sa hannu, na amsa abin da suke faɗa ke nan."

Ya fita. Mutumin da sau biyu kawai ya taka babban asibiti, shi ma a mota ya zauna yana jin labarai, yau shi ne mai kare mutuncin Yaya. Kuma wa zai biya? Auta. Yarinyar da ba ta san hawa ba ta san sauka ba. Saura kwana goma sha uku a yi allurar, kuma in duniya za ta kife sai an yi mata. Na ga abin da ciwon nan ke yi. Ba zan sake gani a kan jininmu ba.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Taron kwamiti a ɗakin da ake awon ciki, muna zaune a kan bencin masu ciki, ana jin warin maganin goge ƙasa. Mai Jaka ya buɗe komfuta fuskarsa kamar an yi masa albishir. Wai labarin matar nan mai gashi ya zaga unguwa, wai wannan shi ake kira nasara. Ya ce ko zan iya lallaso ta ta zo ranar allura a ba ta lasifika ta yi magana minti biyar, za a ɗauki hoto.

Shugabar makaranta ce ta fara tare shi. Ta ce cikin takardu ɗari da ashirin, arba'in ne suka dawo, kuma tun Litinin iyaye goma sha ɗaya sun zo sun karɓe nasu. Yanzu maganar da ake yi ita ce duk wanda ya sa hannu akwai abin da ya sani a gidansa.

Ni ban san lokacin da na miƙe ba. Na ɗauki takardar bayanin na buga a kan teburin Sista. Na ce ranar horo Sista ta faɗa mana da bakinta cewa kusan kowane baligi yana haɗuwa da ƙwayar cutar nan ta HPV a rayuwarsa, yawanci jiki ya kore ta ba a ma sani ba, tana iya kwanciya shekara da shekaru, kuma macen da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya samu. Na ce ina wannan a takardar? An rubuta "ta hanyar saduwa" an sa aya an tafi. Mai Jaka ya ce babu wuri. Babu wuri! Kashi ɗaya cikin uku na takardar tamburan ƙungiyoyi ne, guda bakwai, an jera su kamar kayan ɗakin amarya. Na ce masa tamburan sun samu wuri, mutuncin mata ne bai samu ba. Na faɗi wasu abubuwan ma da ba zan rubuta ba.

Aka juya kan mai aski, shi da aka ba maza. Ashe ko kalma ɗaya bai furta ba tun da aka fara. Ya ce, "Haba jama'a, ina riƙe da aska a wuyan mutum zan ce masa mahaifa?" Tela ya fashe da dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Lemonsa dai mai askin yana shanyewa kowane taro.

Da aka tashi Sista ta riƙe ni a bakin ƙofa. Ta ce a hankali, "Yayarki ce ko?" Na kau da kai. Ta ce, "Kin tambaye ta kafin ki faɗa?" Na fizge hannuna. Ita da ta zauna tana kallon Mai Jaka yana koya mana mu kwaso labarin mutane, ba ta ce uffan ba, yanzu ta san da tambaya.

Asabar, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na je gidan. Auta ce ta buɗe, ta ce, "Anti, sannu da zuwa," amma ba ta rungume ni ba. Kitsonta ya tsufa, duk ya tashi. Na ce zo in tsefe miki, ta ce Baba ya hana.

Ɗakin Yaya a buɗe yake. Tana kwance ta juya wa ƙofa baya, ɗankwali ɗaure tam har kan gira, fanka na kaɗa labule. Robar tana gefen gado, wani ya wanke ta, ba ni ba. Na yi sallama sau biyu. Na san ba barci take ba, don Yaya ba ta barci da ƙafa a harɗe. Na ce na kawo man shafawar da take so. Na ce Litinin akwai asibiti, ƙarfe nawa zan zo? Fanka kawai ke amsa mini.

Na ajiye man a kan durowa na fito. A hanya mata biyu suka gaishe ni da irin gaisuwar nan mai tsawo, "Ya mai jiki? Allah ya rufa asiri." Rufa asiri. Da na tsaya da na yi abin da za a daɗe ana faɗa.

Lahadi, da rana

Na wanke matajai duka, na sake wanke su.

Litinin, ƙarfe uku na yamma

Yaya ta tafi asibiti ba ni. Baban Auta ne ya kai ta. Bai san tana son a rufe mata ƙafa idan ruwan maganin ya fara shiga jijiya ba, bai san ba ta son a yi mata magana a awar farko ba. Ba zai tambaya ba, ita kuma ba za ta faɗa ba. Ina nan ina kallon agogo, na san yanzu an sa ledar farko, yanzu an canza. Haushi kamar in fasa madubin nan.

Talata, ƙarfe sha biyu na rana

Rediyo ta zo kitso. Ta zo! Ta shimfiɗa ƙafafu ta kunce ɗankwali kamar ba abin da ya faru. Na ce to, Allah ya kawo ki. Na tsaga, na kama, na yi shiru har na kai rabi, gefe ɗaya a kitse, gefe ɗaya a tsaye. Sannan na ajiye kibiya.

Na ce, "Wa ya aike ki ki kai sunan yayata kanti?"

Ta ce, "Ni? Wane suna?"

"Kada ki raina mini hankali. Daga shagon nan maganar ta fita, kuma bakin da ke fitar da magana guda ɗaya ne."

Ta juyo da rabin kanta, ta ce, "Ke Ƙarama, ki ji tsoron Allah. Gashi har baya, a raba gida huɗu, furfura ɗaya a goshi. Mata nawa ne a unguwar nan? Ko makaho ya san wa kike nufi. Kafin in kai kanti an riga ni, mu biyar ne a nan ranar. Ni abin da na ƙara kawai, na ce ashe shi ya sa ta daina zuwa kitso."

Na ce ta tashi ta bar mini shago. Ta ce a haka? Na ce a haka. Ta tusa rabin gashin a ɗankwali ta fita tana cewa za ta tara mini jama'a. To, ta je ta tara ɗin.

Mu masu kitso da kai muke gane mutum. In an ce mini wance, fuskarta ba ta fara zuwa mini, ƙeyarta ce ke zuwa. Ni a wurina na ɓoye ta, tun da ban ce doguwa ba ce ko gajera, ban ce matar wane ba. Gashi kawai na faɗa.

Gashi kawai.

Laraba, da safe

Saura mako ɗaya. Ban buɗe shago ba.

Laraba, da yamma

Har yanzu ina jin haushin Rediyo. Ina jin na Mai Jaka, da na Sista, da na Baban Auta. Na lissafa su duka tun safe, kuma duk lissafin da na yi sai in ga akwai saura mutum ɗaya.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Na je na samu Sista, ban ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta nema ba. Na ce tun da mai aski ba zai iya cewa mahaifa ba, ta zo ta ce a shagonsa. Muka tafi bayan la'asar, lokacin da direbobi ke taruwa. Mai aski ya gan mu ya kusa yanke kunnen mutum. Shagon ƙarami ne, kujera biyu, gashi a ƙasa, maza kusan goma sha biyu a benci da bakin ƙofa. Na tsaya a tsakiya na ce ba inda za mu sai an saurare ta.

Sista ta iya magana, wannan kam ba zan hana ta ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ƙwayar nan ta fi yawan abin da suke zato, maza ma suna ɗauke da ita ba su sani ba, kuma ana yi wa yara allurar ne tun suna ƙanana don ta riga ƙwayar isa, ba don ana zarginsu da komai ba. Wani mai rabin aski ya ce, "To Sista, in mace ta kamu, wa ya sa wa wa?" Aka yi 'yar dariya. Ta ce, "Ba likitan da zai iya faɗa maka. Tana iya shekara ashirin a kwance. Wanda duk ya ce ya san daga ina ta zo a gidan wani, ƙarya yake yi. Kuma kafin ka leƙa gidan wani, ka sani da wuya a ce ba ta taɓa bi ta naka ba." Dariyar ta tsaya.

Baban Auta yana waje, jingine da bas ɗinsa. Bai shigo ba, amma bai tafi ba.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Ni da tela da shugabar makaranta mun zauna a ofishinta da biro uku. Takardun bayani ɗari biyu da suka rage, mun rubuta a kan kowace, a daidai kan tamburan: "Mace mai miji ɗaya ma tana iya samu. Ba alamar laifin kowa ba ce." Yatsuna sun ƙage. Rubutun tela kamar tafiyar kaza, amma yana karantuwa.

Mai Jaka ya shigo ya gani, ya dafe kai. Wai masu tamburan ba za su ji daɗi ba, wai sai an rubuta wasiƙa an nemi izini. Na ce ya gaishe su. Na ce in suna da magana shagona yana nan, benci ba kowa, su zo in yi musu kitso.

Takardu tara sun dawo yau. Ta Auta tana cikin jakata, fara fat.

Asabar, ƙarfe biyu na rana

Baban Auta ya tsayar da bas a gaban shagon, ya shigo, wannan karon da sallama. Ya zauna a bakin benci yana juya makulli a hannu. Ya rame, ban lura ba sai yau.

Ya ce, "Ƙarama, kin san na taɓa aure kafin yayarki. Shekara ashirin da wani abu yanzu." Na ce na sani. Ya dubi makullin da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Ko ni ne?"

Allah ya sani na so in ce eh. Na so in ga ya ji abin da nake ji kwana goma sha shida. Kalmar tana kan harshena. Amma na ce masa abin da Sista ta ce, ba wanda ya sani, ba wanda zai taɓa sani, kuma sanin ba zai cire wa Yaya komai ba. Na ciro takardar na miƙa masa da biro.

Bai karɓi biron ba. Takardar kawai ya ninke ya sa a aljihu. Ya ce, "Ba ni zan yanke ba. Uwarta aka yi wa tsirara a kasuwa, ita za ta ce."

Na ce, "Ta ƙi yi mini magana."

Ya ce, "Ni ma sai jefi-jefi."

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Na sake zuwa. Na tsaya a ƙofar ɗakin, na ce, "Yaya, ni ce. Ba Rediyo ba ce, ba kowa ba ne. Ni ce." Ban taɓa faɗa da baki ba sai yau, ko a littafin nan ban rubuta ba. Na ce ta yi mini duk abin da ta ga dama amma kada ta haɗa da Auta.

Ta gyara kwanciya, ba ta juyo ba.

Talata, da yamma

Gobe ne.

Laraba, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Ina share ƙofar shago sai ga Auta da kayan makaranta, ita kaɗai. Ta miƙo mini takardar, duk ta yi layin ninki. Sa hannun Yaya ne a ƙasa, ya karkace, biron ya huda takardar wuri ɗaya.

"Mama ta ce ki raka ni, ita ba za ta iya tsayuwar layi ba."

Tana jirana, zan rufe.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

An yi mata. Hannun hagu, ƙarfe goma da 'yan mintoci. Ta runtse ido ta matse mini yatsu, kafin ta buɗe Sista ta riga ta danna auduga. Yara saba'in da uku aka yi wa. Mai Jaka yana ta ɗaukar hoto, ya zo zai ɗauke mu na sa jakata a gaban fuskar Auta.

Na mayar da ita gida da kaina. Yaya tana zaune a bakin gado, yau ba ɗankwali. Ta jawo Auta ta naɗe hannun rigarta, ta duba wurin, ta shafa da babban yatsa, ta ce ta je ta ci abinci. Sai da yarinyar ta fita sannan ta dube ni, karon farko cikin mako uku.

Ta ce, "Ƙarama, kin san a ina Auta ta ji sunan ciwona?"

Na ce a'a.

"A makaranta. A layin famfo. Wata yarinya ta ce mata mamanki tana da sankara, mamata ta ce mutuwa za ta yi. Ta dawo ta tsaya a nan inda kike tsaye, ta ce Mama da gaske ne? Wata huɗu ina shirya yadda zan faɗa mata. Na zaɓi kalmomin, na zaɓi ranar, ina jira in ɗan yi ƙarfi kada ta gan ni a kwance."

Na buɗe baki, ta ɗaga hannu.

"Abin da mutane suka ce bai kai mini ko'ina ba. Na san kaina, na san mijina. Kuma da kin tambaye ni, wallahi da na ce ki bari in faɗa wa 'yata tukuna, sannan ni da kaina in zo shagonki in zauna in cire ɗankwalin su gani. Da ba sai kin kwatanta ba."

Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi, kamar wata sakarya, a tsaye.

Ta ce, "Na gode da rakiyar. Ki ja mini ƙofar in kin fita."

Na ja.

Litinin akwai asibiti ƙarfe takwas. Ba ta ce in zo ba. Zan je da bargon ƙafa in ba Baban Auta a bakin get ɗin asibitin, in faɗa masa kada ya yi mata magana a awar farko.